Waiwaye: Shekara 13 ana cewa an manta da Avatar, sai ya dawo ya tara dala biliyan 2.3

Daga ranar 16 zuwa 18 ga Disamba 2022, wato ƙarshen makon farko da aka saki Avatar: The Way of Water, kashi na biyu na fim ɗin Avatar, kuɗin tikitin da aka tara a gidajen sinima na Amurka da Kanada ya tsaya a dala miliyan 134. Kuɗi ne masu kauri, sai dai masu hasashen kasuwar Hollywood sun sa ran za a haura miliyan 150. Wata guda kafin nan kashi na biyu na Black Panther ya buɗe da miliyan 181, shekara guda baya kuma wani fim ɗin Spider-Man ya buɗe da miliyan 260. Da gari ya waye ranar Litinin, darajar hannun jarin Disney, kamfanin da ya mallaki fim ɗin, ta sauka, masu cewa "dama mun faɗa" suka cika Twitter. Maganar tasu ta daɗe. Shekara da shekaru suna nanata cewa Avatar fim ne da kowa ya kalla amma ba wanda ya riƙe shi a zuci, saboda haka na biyun zai zo ya yi ta sallama ba mai amsawa.

Tushen zancen yana can a Disamba 2009. James Cameron, daraktan fim ɗin, ɗan asalin Kanada, ya shafe shekara 12 bai fitar da fim na labari ba tun bayan Titanic na 1997. Da ya dawo, ya zo da almarar kimiyya a kan wata duniya mai suna Pandora, inda wasu dogayen mutane shuɗaye da ake kira Na'vi suke zaune cikin dajinsu, wani kamfanin haƙar ma'adinai daga duniyarmu kuma ya zo da sojojin haya zai tashe su. Har harshe aka ƙirƙira musu, aikin wani malamin harsuna mai suna Paul Frommer. Fim ɗin ya buɗe da dala miliyan 77 kacal a Amurka. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne ya ƙi sauka. Mako 7 a jere yana kan gaba, kafin Janairun 2010 ya ƙare ya wuce Titanic, ya tsaya a wajen dala biliyan 2.7 a duniya baki ɗaya.

Duk wanda ya ce fim ɗin bai taɓa zuciyar kowa ba, ina ganin tsakar gidansu kawai ya leƙa. A Fabrairun 2010 masu zanga-zanga a ƙauyen Bil'in na Falasɗinu suka shafe jikinsu da shuɗin fenti, suka maƙala dogayen kunnuwa irin na Na'vi, suka tunkari katangar da Isra'ila ta gitta a gonakinsu. A watan dai, ƙungiyar Survival International ta sayi fili a mujallar Variety tana roƙon Cameron ya sa baki a kan ƙabilar Dongria Kondh ta jihar Odisha a Indiya, waɗanda kamfanin Vedanta ke neman haƙar ma'adinin bauxite a tsaunin Niyamgiri da suke girmamawa. A ƙasar Sin aka sauya wa wani dutse na yankin Zhangjiajie suna, aka laƙaba masa sunan fim ɗin. Shi kansa Cameron ya je dajin Amazon na Brazil ya tsaya tare da masu adawa da madatsar ruwa ta Belo Monte. Tashar CNN ma ta ba da labarin wasu 'yan kallo da suka ce baƙin ciki ya rufe su bayan sun fito daga sinima, don sun ga Pandora kuma ba hanyar zuwa can. Fim ɗin da ya sa manomin da aka raba da gonarsa ya ga kansa a cikinsa, ban san da wane ma'auni za a ce bai bar sawu ba.

To amma shekarun da suka biyo baya sun ba masu sukar abin kamawa. Da kamfanoni suka ga ribar da Avatar ya ci da 3D, wato hoton da ake kallo da gilashi na musamman ya zama kamar zai fito daga allo, sai kowa ya auka. Aka riƙa ɗaukar fim ɗin da aka yi da kyamara ta yau da kullum a juya shi zuwa 3D cikin gaggawa, a ƙara kuɗin tikiti, mutum ya fito da ciwon kai. Jama'a suka gaji, har talabijin masu 3D da aka yi ta talla suka ɓace daga kasuwa. A daidai lokacin ne kuma fina-finan kamfanin Marvel na jarumai masu ƙarfin ban mamaki suka mamaye ko'ina, da irin masoyansu masu sayen riguna da 'yan tsana, masu kwana suna musu a intanet a kan wane jarumi ya fi wane. Avatar bai da irin wannan runduna. A 2014 wani marubucin Forbes, Scott Mendelson, ya yi rubutu cewa fim ɗin ya tara biliyan 2.7 amma bai bar tabo a al'adar jama'a ba, daga nan maganar ta zama abin gado. Har wata jarrabawa aka ƙirƙiro: a ce maka faɗi sunan mutum ɗaya a cikin Avatar, in ka yi jim, shi ke nan an kafa hujja.

Jinkiri ya ƙara wa wutar itace. An fara sa ranar na biyun a Disamba 2014, aka yi ta ɗagawa har ta kai 2022. A Yulin 2019 Avengers: Endgame ya karɓe kambun fim mafi tara kuɗi, masoyan Marvel suka yi biki kamar an ci kofi. A Maris 2021 aka sake haska Avatar a Sin, cikin 'yan kwanaki ya karɓo kambunsa. Wannan kaɗai ya isa ishara, amma ba a ɗauka ba.

Dalilin jinkirin kuwa aiki ne na gaske. Cameron ya nace sai an rubuta labarin fina-finai 4 gaba ɗaya kafin a kunna kyamara. Ya kuma nace cewa tun da labarin ya koma teku, dole 'yan wasa su shiga ruwa na ainihi a naɗi motsin jikinsu a can, abin da ba a taɓa yi a wannan mataki ba. Aka gina tanki mai cin galan 900,000. Da yake kumfar iskar tukunyar numfashi tana ruɗa kyamarori, sai kowa ya koyi riƙe numfashi. Kate Winslet ta wuce minti 7 a ƙarƙashin ruwa ba ta ɗago ba. Sigourney Weaver, tana dosar shekara 70, ta fito a matsayin yarinya 'yar shekara 14. Ana cikin haka Disney ya sayi Fox, kamfanin da ya yi na farkon, a kan dala biliyan 71 a 2019, sannan korona ta tsayar da aiki a New Zealand, inda ake ɗaukar fim ɗin. Dab da fitowar fim ɗin Cameron ya shaida wa mujallar GQ cewa sai ya zama na uku ko na huɗu a tarihin tara kuɗi kafin a mai da uwar kuɗi. Da yawa suka ɗauka ya haƙa wa kansa rami ne da bakinsa.

Sai mako na biyu ya zo, ga guguwar ƙanƙara ta rufe rabin Amurka a lokacin Kirsimeti, fim ɗin ya tara miliyan 63 a ƙarshen makon a Amurka da Kanada. A ƙarshen mako na uku, maimakon ya ragu kamar yadda aka saba, sai ya hau zuwa miliyan 67. Cikin kwana 14 ya cika biliyan 1 a duniya, kafin ƙarshen Janairun 2023 ya cika biliyan 2, a Fabrairu ya wuce Titanic. Ya tsaya a biliyan 2.3, na uku a tarihi, daidai wurin da mai shi ya ce yana buƙata. Kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin daga wajen Amurka suka fito. Sin ta ba da sama da miliyan 240 duk da korona na kwantar da mutane a lokacin da aka sassauta dokar kulle, Faransa da Jamus da Koriya ta Kudu kuma kowacce ta haura miliyan 100.

Masu hasashen sun auna shi ne da ma'aunin Marvel, inda masoya ke rububin daren farko don kada wani ya riga su ya tona musu ƙarshen labari. Wannan fim ɗin awa 3 da minti 12 ne, ba kuma wani sirri a ƙarshensa da za a tona. Mutum yakan jira ya sami hutu, ya sami kujera mai kyau a gaban babban allo, ya kwashi iyalinsa, ya biya tikiti mai tsada na IMAX ko 3D. Irin waɗannan mutane ba sa rubutu a Twitter.

Ni ma a cikin wannan ayari na shiga, a wata sinima a Abuja, cikin Janairu, tare da ɗan ƙanwata mai shekara 9. Gilashin 3D ɗin ya yi masa girma, da hannu ɗaya yake tallafe shi. Da yaran fim ɗin suka fara nutso, ƙananan kifaye masu haske suka taso kamar za su fito daga allo, sai na ga ya miƙa ɗaya hannun yana lalube a iska. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kawu, ruwan ba zai zubo mana ba?" A wurin da mafarauta suka harbe uwar wata dabbar teku mai kama da kifi whale, ɗanta na zagaya ta, ɗakin ya yi tsit, wata mata a bayanmu tana ta jan hanci. Bayan wasu watanni na sake ganin fim ɗin a wayar wani abokina, irin wanda ake turawa a shago. Labarin yana nan, amma ruwan ya koma hoto, abin da ya sa yaron ya miƙa hannu babu shi. A nan na gane dalilin da wasu suke rantsuwa da fim ɗin wasu kuma suna cewa ba su ga abin zuzutawa ba: kusan ba abu ɗaya suka kalla ba.

Duk da haka sukar da ake yi masa ba duka ce ta banza ba. Labarin siriri ne, maganganun bakin jarumai ba su da nauyi, mugun da aka kashe a na farko shi aka sake tasowa. Saurin hoto 48 a daƙiƙa, wanda ya fi na fim ɗin da aka saba, da aka yi amfani da shi a wasu wurare ya raba kan 'yan kallo, wasu suka ce ya mai da fim ɗin kamar wasan kwamfuta. Wadda ta fi damuna ita ce ta 'yan asalin nahiyar Amurka. A Disamba 2022 wasunsu suka yi kiran a ƙaurace wa fim ɗin, suna cewa an ɗebi al'adunsu da na mutanen tsibiran Pasifik an shafa musu shuɗi, sannan aka sa Bature ya zama mai ceton su. Suka tono wata hira ta 2010 inda Cameron ya nuna cewa da ƙabilar Lakota sun hango makomarsu da sun ƙara ƙaimi wajen yaƙi. Wannan magana ta yi ciwo, kuma suna da gaskiya su ji ciwonta, domin kakanninsu sun yi yaƙi har iya ƙarfinsu. Fim ɗin da Bafalasɗine ya ara ya yi zanga-zanga, shi ne kuma wanda ɗan Lakota ya ga an ci da guminsa. Na kasa watsar da ko ɗaya daga cikin biyun.

Su ma alƙaluman a riƙa karanta su da lura. Gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, kuma jerin "mafi tara kuɗi" ba ya la'akari da faɗuwar darajar dala, shi ya sa fina-finan da suka fi tara mutane a shekarun baya ba sa bayyana a samansa.

A Maris 2023 fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta ƙwarewar haɗa hoto, ɗaya daga cikin 4 da aka sa shi takara. Jon Landau, furodusan da ya yi aiki da Cameron tun Titanic, ya rasu a Yulin 2024 bai ga fitowar na uku ba, wanda aka sa wa Disamba 2025. Da aka fara tallarsa, tsohuwar jarrabawar nan ta sake dawowa a intanet, sai na gwada ta a kan ɗan ƙanwata, wanda yanzu ya shiga sakandare. Na ce ya faɗa mini sunan mutum ɗaya a cikin wancan fim da muka kalla. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce ya manta. Sannan ya ce, "Kawu, amma wannan karon mu zauna a layin tsakiya, na wancan karon ya yi gefe da yawa."