Mene ne "khurraj" na cikin wuya, kuma yaya ake fitar da mugunyarsa?

Mutanenmu na Makka da Jidda idan suka ji likita ya ce mara lafiyarsu na da "khurraj", wato tarin mugunya da Larabci, sai hankali ya kwanta, a ɗauka maruru ne irin wanda wanzami ke yi wa sakiya. In a cikin wuya ne, maganar ta wuce nan. Mugunya ce ta taru can ƙarƙashin nama, a gefen maƙogwaro ko bayansa ko ƙasan haɓa, dab da hanyar numfashi da manyan jijiyoyin jini. Idan aka bar ta, tana iya shaƙe mutum ko ta gangara cikin ƙirji.

A wurin manya galibi ruɓaɓɓen haƙori ne silarsa, a wurin yara kuwa ciwon maƙogwaro. Ya fi tsanani ga mai ciwon suga, ga shi kuma suga ya yi yawa a Saudiyya. Baki ya ƙi buɗuwa, miyau na dalala, murya ta sauya, numfashi na sarƙewa? Wannan na kiran motar asibiti ne a 997, ba na shiga kemis ba.

Numfashi likita ke fara dubawa. In hanya ta matse, sai a zura bututu, wani lokaci ma a huda gaban wuya. Daga nan a ɗaura maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a ɗauki hoton CT, mai nuna cikin jiki, don ganin girman abin da inda ya kwanta.

In khurraj ɗin ƙarami ne, musamman ga yaro, akan ba magani awa 24 zuwa 48 a ga ko zai sace. Wanda ya taru wuri guda kuma allura za ta kai gare shi, ana zuƙe shi da sirinji, na'urar sikanin tana nuna hanya. Ba ya barin tabo, amma mugunya kan sake taruwa, a maimaita. Na kusa da maƙogwaro ta cikin baki ake tsaga shi. Babba, ko wanda ya rarrabu aljihu-aljihu, sai tiyata ta waje. Dangi kan tsorata da jin za a yanka wuya, amma a ganina jinkirin sa hannu ya fi tiyatar haɗari, domin magani ba ya ratsa tarin mugunya sosai.

Bayan aikin ana barin siririyar roba na 'yan kwanaki tana tsiyayar da ragowar, a kai mugunyar ɗakin gwaji a gane irin ƙwayar cutar. Haƙorin da ya jawo abin kuma cire shi ake yi, sau da yawa a tiyatar nan ɗaya.