Bege: Dogara ga Allah a Lokacin Wahala a Koyarwar Kirista

Bege a koyarwar Kirista shi ne sa zuciya ga alkawarin Allah da cikakken tabbaci, ko da halin da ake ciki bai nuna alamar sauƙi ba. Yana ɗaya daga cikin abubuwa uku da Manzo Bulus ya ce za su dawwama: bangaskiya, bege da ƙauna (1 Korantiyawa 13:13). A Gana, inda ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun kai kashi 71 cikin ɗari, Musulmi kuma kusan kashi 20, wannan koyarwa tana da muhimmanci na musamman ga Kiristocin da ke zaune a zangunan Akra da Kumasi, irin su Nima, Mamobi, Sabon Zango, Abuabo da Asawase. Da yawansu 'yan arewacin ƙasar ne, Farafara, Kusasi, Dagati da Busanga, waɗanda Hausa ce harshen cinikinsu da zaman maƙwabtakarsu.

Kalmar kanta

A bakin Bahaushe, bege ɗoki ne da marmarin wanda ake ƙauna alhali ba a ganinsa, shi ya sa Musulmi ke kiran waƙoƙin yabon Annabi waƙoƙin bege. Kiristoci masu jin Hausa, waɗanda suka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen a 1932 bayan aikin Dokta Walter Miller da abokansa, suna amfani da kalmar tare da “sa zuciya”. Zaɓin ya dace ƙwarai. “Fata” tana da rauni, domin mai fata yana iya samu, yana iya rasawa. Mai bege kuwa zuciyarsa ta riga ta tafi wurin abin da yake jira. Maƙwabtansu Musulmi suna cewa tawakkali, Ashanti kuma suna da tambarin Gye Nyame, wanda ma'anarsa ta yi daidai da “sai Allah”.

Tushenta a Nassi

Littafin Ayuba ne aka fi komawa gare shi. Mutum ne adali da ya rasa dukiya da 'ya'ya goma da lafiyar jiki. Abokansa uku, Elifaz, Bildad da Zofar, sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki sai suka ɓata, suka nace cewa lallai wani zunubi ya aikata. A sura ta 42 Allah ya tsawata musu, ya ce Ayuba ne ya faɗi gaskiya game da shi, Ayuban da ya yi kuka, ya yi gardama, har ya la'anci ranar haihuwarsa. Wannan wuri ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana rushe zaton da ya yaɗu cewa mai bangaskiya ba ya kuka. Zabura cike take da koke-koke, kuma da farkon Zabura 22 Yesu ya yi kira a kan gicciye, yana tambayar dalilin da Allah ya yashe shi. Shi ma ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru.

A Romawa 5:3-5 Bulus ya jera matakan: wahala tana haifar da jimiri, jimiri ya gina tabbataccen hali, halin kuma ya haifi bege marar kunyatarwa. Shi kansa sau uku ya roƙa a cire masa abin da ya kira ƙaya a jiki, ba a cire ba, sai aka ce masa alherin Allah ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:7-9). Ginshiƙin duka shi ne tashin Almasihu daga matattu, wanda 1 Bitrus 1:3 ta ɗaure rayayyen bege a kansa.

Yadda ake rayuwa da shi

Mutanen zango sun san wahala ido da ido. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia a 1969 ta raba iyalai da yawa. A 1983 fari da gobarar daji da yunwa suka haɗu da dawowar kusan mutum miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya. Ran 9 ga Mayu 2001 fiye da mutum 120 suka mutu a filin ƙwallon Akra, da yawa matasan Nima ne. Ran 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah suka ci rayuka kimanin 150. Ga kuma wahalar yau da kullum ta 'yan mata kayaye a kasuwannin Kejetia da Makola, masu ɗaukar kaya a ka, masu kwana a barandar shaguna.

A irin waɗannan lokuta bege ba a wa'azi kaɗai yake ba. Ana ganinsa a kuɗin taimakon juna da 'yan ikilisiya ke tarawa don jana'iza da asibiti, a matan coci da ke kai tuwo gidan makoki, a wanda ya kwana jinya a asibitin Korle Bu na Akra ko na Komfo Anokye a Kumasi tare da maras lafiyar da ba danginsa ba ne. Gaisuwar kuwa ɗaya ce a gidan Kirista da na Musulmi: “Baba, yaya haƙuri?” Shi kuma ya amsa, “Da godiya.” Akwai masu fita addu'a a dajin Achimota, akwai masu hawa dutsen Atwea a yankin Ashanti, ga kuma addu'ar dare ta 31 ga Disamba da majami'u ke cika maƙil.

Saɓani

Ba duka majami'u ne suka yarda a kan ma'anar wahala ba. Masu wa'azin wadata suna koyar da cewa cikakkiyar bangaskiya tana kawo lafiya da arziki tun a nan duniya. Katolika da Furesbiteriya da Metodis, har da wasu Fentikos, suna jan kunne a kan haka, kuma suna da hujja mai ƙarfi. Uwar da ɗanta ya mutu bayan ta yi azumi ta ba da baiko, wato sadaka a coci, idan aka ce mata bangaskiyarta ce ta gaza, an ɗora mata dutse a kan kayan da take ɗauke da su, wato an maimaita kuskuren abokan Ayuba. Da almajirai suka tambayi Yesu laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, cewa ya yi ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba (Yahaya 9:3).

Wata damuwar ita ce sansanonin addu'a inda aka riƙa ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa, abin da ƙungiyar Human Rights Watch ta fallasa a 2012, shekarar da Gana ta kafa dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Manyan ɗarikun ƙasar ba sa ganin saɓani tsakanin addu'a da magani, kuma su ne ke gudanar da asibitocin mishan da dama, irin su na Furesbiteriya da ke Agogo da Bawku.