Mene ne letensi, kuma me ya sa sautin jita yake makara idan an haɗa furosesa da kwamfuta?

Letensi shi ne ɗan lokacin da ke wucewa daga sa'ad da mai jita ya taɓa tsirkiya zuwa sa'ad da sautin ya iso kunnensa bayan ya ratsa na'urori. Da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Masu ɗaukar sauti a gida sun fi cin karo da shi ranar da suka fara jona furosesa, wannan akwatin da ake takawa da ƙafa yana sauya muryar jita, a jikin kwamfuta da wayar USB. Mutum ya kaɗa, sai sautin ya biyo baya kamar yana jan ƙafa, hannu ya rikice, kiɗa ya ƙi zama. Da yawa sukan ɗauka furosesar ce ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau.

Kada a haɗa shi da dilei, wato amsa-kuwwar da ake kunnawa da gangan a cikin furosesa. A dilei sautin farko yana zuwa a kan lokaci, maimaicin ne ke biyo baya. A letensi kuwa sautin farkon ne da kansa ya makara.

Babu na'urar dijital da ba ta da shi, kuma ko iska ma tana da nata. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, ke nan kowace mita ɗaya tana cin kusan milisakan 3. Wanda ya tsaya mita uku daga lasifikarsa yana kaɗawa da jinkirin kusan milisakan 9, kuma ba ya ƙorafi. Wannan ma'auni ne mai kyau a riƙe: ƙasa da milisakan 10 yawancin makaɗa ba sa damuwa, daga 15 zuwa 20 hannu yakan fara jin nauyi, abin da ya wuce haka kuma wahala ce tsantsa. A waƙar da ke tafiya da bugu 120 a minti, kowane bugu milisakan 500 ne, rubu'insa kuma 125. Jinkirin milisakan 25 ya cinye kashi ɗaya cikin biyar na wannan rubu'in, shi ya sa mai kiɗa da sauri yake riga kowa ganewa.

Inda lokacin yake tafiya

Furosesa tana karɓar sautin jita ta mayar da shi lambobi. Tana auna ƙarfinsa sau 44,100 ko sau 48,000 a kowace daƙiƙa, kuma kowane awo ɗaya shi ake kira samful. Wannan juyin da aikin sauya sautin ba sa ɗaukar lokaci mai yawa, galibi milisakan biyu zuwa uku ne gaba ɗaya. Babban jinkirin yana wajen kwamfuta, domin ba ta karɓar samful ɗaya-ɗaya. Sai ta jira sun taru zuwa wani adadi kafin ta kwashe su lokaci guda, kamar mai mota a tasha da ba ya tashi sai kujeru sun cika. Wannan ma'ajin da suke taruwa shi ne bafa, kuma a cikin manhajar ɗaukar sauti za ka gan shi da sunan Buffer Size.

Lissafinsa a bayyane yake: raba girman bafa da yawan samful na daƙiƙa. A kan 48,000, bafa mai 64 tana cin milisakan 1.3, mai 128 tana cin 2.7, mai 256 tana cin 5.3, mai 512 tana cin 10.7, mai 1024 kuma 21.3. A kan 44,100 lambobin sun ɗan fi haka, misali 256 tana ba da 5.8. To amma sau biyu ake biyan wannan kuɗin, ɗaya wajen shiga, ɗaya wajen fita. Bafa mai 512 ke nan ta haura milisakan 21 kafin a ƙara lokacin juya sauti da ɗan ajiyar da direban USB, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa na'urar da kwamfuta, yake yi don kada sauti ya yanke. Saboda haka lambar da ya kamata a duba ita ce ta zuwa da dawowa, ba ta ɓangare ɗaya ba. A cikin manhajojin ɗaukar sauti, Reaper yana nuna ta shiga da ta fita a kusurwar sama ta dama, Cubase kuma yana nuna su a cikin Studio Setup.

Wasu sukan ɗaga yawan samful zuwa 96,000 don rage jinkiri. Lissafin gaskiya ne, 128 za ta koma milisakan 1.3, amma aikin kwamfuta ya ninka, kuma furosesa da yawa suna da adadin da aka gina su a kai. Boss GT-1 tana aiki a kan 44,100, Line 6 Helix kuma a kan 48,000. Gara a bar aikin a kan adadin na'urar.

Hanyar da kunne yake ji

Nan ne mai furosesa ya fi mai amfani da fulogin (ƙaramar manhajar sauya sauti da ke aiki a cikin kwamfuta) sa'a, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Wanda sautin jitarsa a cikin kwamfuta ake ƙera shi, dole ya saurara ta kwamfutar, don haka dole ya yi ta fama da bafa. Mai furosesa kuwa sautinsa ya riga ya kammalu kafin ya bar akwatin. Ba shi da wani dalilin tura shi cikin kwamfuta ya jira ya dawo. Hedifon ko lasifika za a jona a jikin furosesar kanta, a ji jita kai tsaye daga can, kwamfuta kuma ta turo sauran kiɗan ta USB su haɗu a wuri ɗaya. Wannan shi ake kira Direct Monitor, kuma da wannan sunan yake a saitin USB na na'urorin Boss da yawa. Idan aka yi haka, ko bafa tana kan 1024 hannu ba zai ji komai ba.

Sharaɗin shi ne a kashe maɓallin sauraro na layin da ake ɗaukar jita a kansa a cikin manhaja. A Cubase ƙaramar alamar lasifika ce a jikin layin, a Reaper kuma Record Monitoring ne. In aka bar duka biyun a kunne, kunne zai ji jita sau biyu, ɗaya a kan lokaci, ɗaya a makare. Idan tazarar ƙarama ce ba za a ji ta a matsayin maimaici ba, sai dai sautin ya zama siriri, cikinsa fanko, domin kwafi biyun suna kashe wa juna wasu sassa. Tazarar milisakan 5 tana danne abin da ke wajen hertz (ma'aunin kauri ko sirantar murya) 100, da 300, da 500, haka har sama. Mutane sukan kwana suna murɗa EQ, wato abin daidaita kauri da sirantar sauti, suna neman kaurin da ya ɓace, alhali maɓalli ɗaya ne maganin. Idan tazarar ta kai milisakan 30 zuwa sama, sai a ji ta ƙarara kamar amsa-kuwwar ɗaki.

Akwai lokacin da ake son sauraro ta kwamfuta, misali idan an fi son wani fulogin a kan sautin akwatin. A nan sai a juya lamarin: a kashe Direct Monitor, a kunna na manhaja, a sauke bafa zuwa 128 ko 64 idan kwamfutar za ta iya. Ɗaya dai za a zaɓa.

Direba

A Windows, kafin a taɓa bafa ma sai an duba direba. Tsofaffin hanyoyin sauti na Windows, MME da DirectSound, ba don kiɗa kai tsaye aka yi su ba, jinkirinsu yakan kai milisakan gommai da yawa. Kamfanin Steinberg, masu Cubase, su suka fito da wani tsarin direba mai suna ASIO domin manhaja ta yi magana da na'ura ba tare da bin wannan dogon zagaye ba. Je shafin kamfanin da ya ƙera furosesar, sauke direbanta na ASIO wanda ya dace da Windows ɗinka, girka shi kafin ka jona wayar, sannan ka zaɓe shi da sunansa a cikin manhaja. A manhajar FL Studio mutane da yawa suna barin FL Studio ASIO a kunne don yana barin wasu manhajoji su yi sauti lokaci guda, amma wajen ɗaukar jita direban kamfanin ya fi shi sauri. ASIO4ALL kuma na wanda na'urarsa ba ta da nata direban ne. A Mac babu wannan rigimar, tsarin sautinsa mai suna Core Audio yana yin aikin, illa dai wasu na'urorin suna da direban kamfani da ke buɗe ƙarin zaɓi.

Da zarar an zaɓi ASIO na furosesa, shiga da fita duk sun koma kanta. Wanda ya bar hedifon a jikin laftof zai ga ma'aunin sauti yana motsi amma shiru, ya zaci wani abu ya ƙone. Kada a yi dabarar shigar da sauti ta furosesa a fitar ta katin laftof da ASIO4ALL. Kowace na'ura tana da agogonta, kuma a hankali suke saɓawa har a fara jin ƙas-ƙas. Hedifon na Bluetooth kuwa a ajiye shi gefe, shi kaɗai galibi yana ƙara fiye da milisakan 100, kuma rage bafa ba zai cire wannan ba.

Idan an rage bafa sai ƙara ta tashi

Ƙaramar bafa tana nufin kwamfuta tana da ɗan ƙanƙanin lokaci ta gama aiki kafin a nemi na gaba. In ta makara ko sau ɗaya, sai a ji tas ko sauti ya yanke. Abin yi shi ne a fara daga 256, a riƙa sauka har inda ƙarar ta fara, sannan a koma mataki ɗaya sama. Lokacin haɗa sauti, da babu mai kaɗawa, a mayar da ita 1024.

In ƙarar ta ƙi tafiya ko a 512, ba bafa ba ce. A nan gida abin da ya kamata a fara zargi shi ne wuta. Idan aka ɗauke ta laftof ta koma kan batir, Windows yakan rage gudun kwamfutar don tsimin caji, sai aikin da yake tafiya sumul ɗazu ya fara tsinkewa. A saka tsarin wuta a kan High Performance, a shiga saitinsa a kashe USB selective suspend. Zafi ma yana sa kwamfuta ta rage gudu da kanta, don haka kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, musamman a watannin Maris zuwa Mayu. Bayan wannan sai direban Wi-Fi, wanda ya yi suna wajen riƙe kwamfuta na ɗan lokaci. A kashe shi yayin ɗauka. Manhajar LatencyMon tana nuna sunan direban da ke jawo tsaikon idan aka bar ta tana aiki na 'yan mintuna. Wayar USB ta shiga jikin kwamfuta kai tsaye, ba ta cikin akwatin rarraba ramuka ba, kuma ta kasance mai ɗaukar bayanai, don wasu wayoyin na caji ne kawai. A ƙarshe a tabbatar adadin samful ɗaya ne a manhaja, a direba, da kuma a saitin sauti na Windows.

Wani jinkirin kuma ba daga bafa yake ba sam. Limita mai leƙen gaba, wato fulogin da ke hana ƙara wuce iyaka, da EQ irin linear phase suna riƙe sauti kafin su sake shi, manhaja kuma tana jinkirta sauran layuka don su daidaita da su. Ɗaya daga cikinsu a kan layin masta, inda duk layuka suke haɗuwa, ya isa ya ɓata sauraro ta kwamfuta. A kashe su har a gama ɗauka. A cikin furosesar ma, masu sauya tsayin murya irin su pitch shifter da harmonizer suna da nasu jinkirin, domin sai sun saurari ɗan yanki na sautin kafin su san abin da za su juya.

Inda ɗaukar ta sauka

Saura matsala ɗaya wadda Direct Monitor ba ya warkarwa, kuma ta fi ɓoyuwa. Mai jita ya kaɗa daidai da ganga, amma da aka sake kunnawa sai jitar ta zauna a bayan bugu. Manhaja tana tambayar direba yawan jinkirinsa, sannan ta jawo ɗaukar baya da wannan adadin. Idan direban ya faɗi abin da ba daidai ba, kowace ɗauka za ta kauce da adadi iri ɗaya.

Ana gane wannan da gwaji mai sauƙi. Zaɓi saitin furosesa da babu komai a kansa, ba dilei, ba ribab mai kwaikwayon amon ɗaki. Kashe Direct Monitor da sauraron manhaja duka biyun don kada sauti ya zagayo ya yi kuka, ka rage ƙarar hedifon. Ɗora ɗan gajeren sauti mai kaifi a layi na ɗaya, ka danne tsirkiyoyi da ƙyalle, ka manna kunnen hedifon a kan fikof ɗin jita, wato abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana kama sautinsu. Fikof yana jin maganaɗisun da ke cikin hedifon, don haka zai kama sautin. Ɗauka a layi na biyu, sannan ka faɗaɗa hoton sautin har ka ga farkon kowanne. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce kuskuren. Idan ta kai samful 240 a kan 48,000, milisakan 5 ke nan. A Reaper ana rubuta adadin a Preferences, ƙarƙashin Audio, sashen Recording, a gurbin manual offset. A Cubase gurbin sunansa Record Shift. Maimaita gwajin har farkon biyun su hau kan juna, kuma a sake shi duk lokacin da aka canza direba ko adadin samful.

Ga masu furosesar POD Go ko Helix akwai ƙarin amfani a ɗauki layi biyu lokaci guda. Na'urorin suna tura sautin da aka sarrafa ta tashoshin USB na 1 da 2, ɗanyen sautin jita kuma ta 3 da 4 a POD Go, ta 7 a Helix. Ɗanyen ya fi nuna ainihin inda yatsa ya bugi tsirkiya, don haka da shi ya fi sauƙi a duba ko ɗauka ta zauna a kan bugu. Idan kuma daga baya aka mayar da shi cikin furosesa don a sauya masa sauti, wannan zagayen ma yana da nasa jinkirin, sai a daidaita sabon layin da ɗanyen kafin a ci gaba da haɗawa.