Kalmar Ocean a Harshen Turanci

*Ocean* kalma ce ta Turanci da ake kiran babban teku da ita, wato ruwan gishirin da ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na doron duniya. Ana furta ta kamar "oshan". Takan nufi ruwan baki ɗayansa, takan kuma nufi ɗaya daga cikin manyan sassansa: Pasifik, Atlantika, tekun Indiya, Aktik da tekun Kudu. Duk waɗannan teku ne a bakin Bahaushe, amma masanan ƙasa masu rubutu da Turanci sun ware *ocean* ga manyan, suka bar *sea* ga ƙanana irin su Bahar Rum da Bahar Maliya.

Asalinta

Kalmar baƙuwa ce a Turanci. Ta shigo wajen shekarar 1300, ko gabanin haka kaɗan, daga tsohon Faransanci *occean*, a zamanin da Faransanci ke da rinjaye a fadar Ingila bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066. Faransanci ya gaje ta daga Latin *oceanus*, shi kuma Latin ya aro ta daga Girkanci *Okeanos*.

A wurin Girkawan farko, Okeanos kogi ne. Sun ɗauki duniya shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, wannan kogin kuma ya yi mata ƙawanya, yana gudu yana komawa cikin kansa ba iyaka. Daga cikinsa rana take fitowa, cikinsa kuma take faɗawa, daga gare shi ne koguna da rijiyoyi ke samun ruwa. A tatsuniyoyinsu sun mayar da shi abin bauta, ɗan Uranus da Gaya, wato sama da ƙasa, mijin Tetis. Mawaƙi Hesiyod ya ce 'ya'yansa mata dubu uku ne, koguna 'ya'yansa maza su ma haka. Mawaƙi Homa kuwa, da yake siffanta garkuwar jarumi Akilis, ya sa kogin a bakin garkuwar, ya zagaye duk zanen da ke cikinta.

Tun a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa wasu suka fara shakka. Masanin tarihi Herodotus ya rubuta cewa shi bai san wani kogi mai wannan suna ba, yana ganin Homa ne ko wani mawaƙi da ya gabace shi ya ƙirƙiro shi. Har dariya ya yi wa masu zana taswira da ke zana duniya a kewaye tsaf, kogin na zagaye da ita. Sannu a hankali, da matafiya suka san ruwan da ke bayan mashigar Jibralta, sai sunan ya koma kan wannan tekun na waje, don a bambanta shi da Bahar Rum na cikin gida. Larabawa ma sun karɓi kalmar a matsayin *Uƙiyanus*, sun kuma riƙe tsohon tunanin a sunan *al-Bahrul Muhiɗ*, tekun da ya kewaye.

Tushen kalmar Girkancin kanta masana ba su daidaita a kai ba. Wasu sun ce daga harshen mutanen da suka riga Girkawa zama a yankin ta fito, wasu sun nemo mata dangi a Sanskirit, tsohon harshen Indiya, wasu a harsunan Samawa, wato dangin Larabci da Ibrananci.

A cikin Turanci

Kafin zuwanta, Turawan Ingila suna da *sæ*, kakar *sea* ta yau, da kuma *garsecg* ga babban teku. Ta biyun ta mutu.

Da farko an fi haɗa kalmomin biyu a ce *ocean sea*, bin sawun Latin *mare oceanum*, kuma wannan ya ci gaba har wajen tsakiyar ƙarni na 17. Irin wannan haɗi ne ke cikin sarautar da sarakunan Sifen suka ba matuƙin jirgin ruwa Kolombus a 1492, *Almirante del Mar Océano*, wato shugaban jiragen babban teku. Kiran kowane sashe da sunansa daban ya soma tun ƙarni na 14, ya ƙara ƙarfi bayan tafiyar matuƙin jirgin ruwa Magelan, wanda ya raɗa wa Pasifik suna a 1520 saboda ya tarar da ruwan a kwance.

Amfani a yau

Ba'amurke ya fi cewa *ocean* a inda mutumin Ingila zai ce *sea*, musamman idan ana maganar zuwa bakin ruwa. Ana kuma amfani da ita wajen nuna yawa, ko ƙanƙantar abu idan an gwada shi da bukata, kamar a *a drop in the ocean*, ɗigo ɗaya a cikin teku.

Daga cikinta aka samo *oceanic*, abin da ya shafi teku, da *oceanography*, ilimin nazarin teku, da *Oceania*, sunan yankin tsibiran Pasifik wanda ya fito daga Faransanci a farkon ƙarni na 19. Yawan tekunan ya danganta da wanda ke ƙirga: wasu huɗu suke lissafawa, ƙungiyar National Geographic kuwa ta sa tekun Kudu a taswirorinta a matsayin na biyar a 2021.