Waiwaye: yadda OpenSSL ta zama ƙarfen ƙafa ga masu rubuta manhaja

Matasan da ke rubuta manhaja a Sakkwato, daga ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo har masu haɗa wa 'yan kasuwa shafi, da yawansu sun san jan rubutun kuskuren nan: ERR_OSSL_EVP_UNSUPPORTED. Ka sabunta Node.js, manhajar da ake gudanar da lambobin JavaScript a kanta, zuwa siga ta 17 ko sama, aikin da ya tashi lafiya jiya yau ya ƙi, ga data tana ƙonewa. Tushen rigimar OpenSSL ce, tarin lambobin da ke kulle saƙo tsakanin wayarka da sabar da kake magana da ita, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin.

Asalinta SSLeay ce, wadda Eric Young da Tim Hudson suka fara a Ostireliya a 1995. A 1998 aka ɗora OpenSSL a kanta, aka yi ta ƙara ɗaki bisa ɗaki ba a taɓa harsashi ba. Duniya ta jingina da ita, masu kula da ita kuwa 'yan tsiraru ne, kafin 2014 gudummawar da suke samu a shekara ba ta wuce kusan dala 2,000 ba.

Asiri ya tonu a Afrilun 2014 da Heartbleed, wani ramin tsaro da aka gano a cikin OpenSSL. Mantuwa ce ƙarama: ba a duba tsawon saƙo ba, sai ɓarawo ya iya zaro kilobait 64 daga ƙwaƙwalwar saba a kowace tambaya, har da kalmomin sirri. Shekara biyu ramin yana buɗe. Mutanen OpenBSD, wata babbar manhajar kwamfuta, suka fusata, suka ɓalle da tasu sigar mai suna LibreSSL, suka zubar da dubban layuka na tsohon tarkace. Google ta yi tata, BoringSSL. Manyan kamfanoni suka kawo kuɗi ta hannun Linux Foundation.

Kuɗin sun ƙaro ma'aikata, amma ni a ganina ba su sauƙaƙa komai ga mai amfani ba. Sigar 3.0 ta Satumban 2021 ta sake fasali, ta tura tsofaffin hanyoyin lissafin tsaro irin su MD4 gefe (shi ne musabbabin jan rubutun), kuma masu manyan saba suka koka cewa ta fi sigar 1.1.1 da ta gabace ta nauyi. Sannan aka daina tallafa wa 1.1.1 kyauta a Satumban 2023, dole kowa ya ƙaura.

A nan gida, galibi sai a liƙa --openssl-legacy-provider, umarnin da ke dawo da tsofaffin hanyoyin, a wuce, domin mai aiki na jiran kayansa kafin Magariba.