Marubucin da ke buga littafinsa da kuɗin aljihunsa: ina daɗin, ina wuyar?

Duk wanda ya kammala rubuta labari, a takarda ne ko a waya, tambaya ɗaya ce ke jiransa: to yanzu wa zai buga? A ƙasar Hausa, kusan shekara 40 ke nan amsar ba ta sauya ba: kai da kanka. Ga tambayoyin da masu son shiga harkar suka fi yi.

Me ya sa marubutanmu ke buga wa kansu? Babu kamfanoni ne?

Akwai, a da ma su ne wuƙa su ne nama. Ƙagaggen labari a rubutun boko ya kankama ne da gasar 1933 da Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Fassara, ya shirya a Zariya, wadda ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya aka yi Kamfanin Gaskiya, aka yi hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, sannan kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, a 1966. Hanya ɗaya ce: ka aika rubutunka Zariya, ka zauna jiran tsammani. Kamfani kuwa ya fi son littafin da zai shiga manhajar makaranta, don nan ciniki yake.

A shekarun 1980 tattalin arziki ya durƙushe. Shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati, wato SAP, na 1986 ya karya naira, takarda kuma daga waje ake shigo da ita, sai kamfanoni suka ɗaure bakin jaka. A daidai lokacin 'yan makarantar UPE, shirin firamare kyauta na 1976, sun taso, sun iya karatun Hausa, ga ƙishirwa ba ruwa. Sai matasa suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u suna biya. Cikin waɗanda suka yi fice akwai Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, aka kuma kafa ƙungiyoyi irin Raina Kama a Kano. Malamin jami'a Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, sunan da bai yi wa marubutan daɗi ba, aka daɗe ana fafatawa a kansa a jaridu.

Ban da rubutun, wane aiki ne ke kan marubuci?

Duk sauran. Shi zai kai a buga a kwamfuta, shi zai duba kurakurai, shi zai nemi mai zana bango, shi zai sayi takarda, ya yi ciniki da maɗaba'a, ya riƙa zarya har a haɗa a yanke. In yana son lambar shaidar littafi ta ISBN, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa zai nema, doka kuma ta ce ya ajiye musu kwafi 3. Rubutun da ya ci masa wata shida, sai ya ga ashe shi ne mai sauƙin.

Ana samun kuɗi kuwa?

Nan ake yin ta. A ce ka buga kwafi 1,000. Ba za ka iya yawo da su gari-gari ba, dole ka kai wa manyan diloli na Kano, wajen Sabon Gari, domin daga can 'yan sari ke kwasa zuwa Gusau da Kaduna da Jos, har Maraɗi da Damagaram. Dila kuwa ba kasafai yake biya nan take ba. Zai karɓa, ya ce sai an sayar. Ka dawo bayan sati biyu a ce kasuwa ba ta tafiya, a ba ka ɗan abin mota. Ka sake dawowa a ce maigidan ya yi tafiya. Kuɗin da ka zuba dunƙule sai ya riƙa dawo maka tsiyaye-tsiyaye, ka cinye shi a cefane ba ka sani ba. Ni kaina na taɓa tarar da littafina ya ƙare ƙaf a wani shago, amma a littafin lissafin mai shagon wai saura rabi.

Wannan ne ya sa wasu ke sayar wa dila labarin ɗungurungum, a biya su sau ɗaya, ko sau nawa aka sake bugawa ba ruwansu. Shi ne kuma dalilin raba labari kashi na 1 da na 2 da na 3. Masu karatu na ƙorafin ana ja musu rai, amma sau da yawa kuɗin na ɗaya ne ke buga na biyu.

Sai masu ba da hayar littattafai. Kwafi ɗaya zai zaga unguwa guda, gida-gida, yara na kai wa yayye da iyaye, har bangon ya cire. Mai haya ya mayar da kuɗinsa ya ci riba, marubuci ko sisi. Sai dai a faɗi gaskiya, ta nan ne mutane da yawa suka yi suna.

Ai yanzu ga waya, ba a buƙatar maɗaba'a. Matsalar ba ta kau ba?

Ta sauya riga ne kawai. Kuɗin takarda ya fita, dila ya fita. Marubuciya, don yanzu mata ne suka fi yawa a fagen, tana sakin shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, in labari ya kama mutane sai ta ce daga nan na kuɗi ne. A tura mata ta banki ko a ba da katin waya, 'yan Nijar su biya da sefa, a sa mutum a guruf. Kuɗin na shiga hannunta kai tsaye, abin da na da ba su samu ba.

Amma mutum ɗaya zai biya, ya kwashe littafin ya watsa a guruf goma. Wani ya ɗora a YouTube ana karantawa da murya, tallar da ke shigowa tasa ce. Shi ya sa za ka ga an rubuta Allah ya isa a saman kowane shafi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafi abin da aka sa a intanet, to amma wa zai ɗauki lauya a kan lambar wayar da bai san mai ita ba? Manhajojin sayar da littafi ma ba dutse ba ne: OkadaBooks, da marubutan Hausa da dama suka jingina da ita, ta rufe a ƙarshen 2023.

Akwai kuma gajiyar da ba a cika faɗa ba. Wanda ya biya yana jiran sabon shafi kullum. Ko yaro ba lafiya, ko ba wuta waya ta mutu, saƙonni za su yi ta shigowa: yau ba a saki ba?

Hukuma da jama'a fa?

Tun fil azal ana zargin littattafan soyayya da ɓata tarbiyya. A 2007 gwamnatin Kano ta ƙona wasu a bainar jama'a ƙarƙashin shirinta na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu, a shekarar da ta biyo baya kuma aka yi takun-saƙa tsakanin marubuta da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i kan batun rajista. Mai buga wa kansa ba shi da kamfanin da zai tsaya masa. Ga kuma masu rubutun batsa a waya da suka ja wa kowa baƙin jini.

To ina daɗin, da har mutane ba su daina ba?

Na farko, ba mai ce maka cire wannan babin don ba zai shiga makaranta ba. Auren dole, kishi, sakin wulaƙanci, hana 'ya mace karatu, waɗannan littattafan ne suka faɗe su da bakin matan da abin ya shafa. Balaraba Ramat, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, da kanta ta fara bugawa, ga shi a 2012 an fitar da fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci a Indiya. Wasu kuma littafi ne ya buɗe musu ƙofar fim, domin masana'antar Kano a farkonta marubuta na cikin waɗanda suka ɗora ta.

Na biyu, masu karatu. A da har adireshi ake sawa a bayan littafi, wasiƙu su yi ta zuwa. Yanzu kira ne: wata ta ce da littafinka ta koyi karatu, wani ya yi maka faɗa don ka kashe tauraruwar labari, kai ka ce 'yar'uwarsa ce. Wanda bai taɓa jin wannan ba, da wuya ya gane abin da ke mayar da mutum maɗaba'a bayan ya yi asara.

Wane abu ne mai buga wa kansa ya fi rasawa?

A ganina, edita. Ba mai gyaran ƙa'idar rubutu kaɗai ba, ko da yake shi ma ana buƙatarsa, ganin yadda ake haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ. Ina nufin wanda zai karanta ya ce maka shafi 40 ɗin nan na bayanin lefe da kayan ɗaki ba su ƙara wa labarin komai ba. 'Yan guruf ba za su faɗa maka ba, su yabo suke yi su nemi ƙari. Kafin ka biya maɗaba'a ko ka saki shafin farko, ba wa mutum biyu da ba sa jin nauyinka su karanta, ɗayansu ya kasance malamin Hausa.