Wasannin Pinball na Kwamfutocin Gida

Wasannin pinball na kwamfuta manhajoji ne da ke kwaikwayon teburin pinball, wato akwatin nan mai rufin gilashi da ɗan gangare wanda ya yi tashe a wuraren shaƙatawa na Amurka. A teburin ainihi, sifirin ne ke cilla 'yar ƙwallon ƙarfe sama, ta riƙa gangarowa tana karo da turaku da fitilu, ɗan wasa kuma yana mayar da ita da 'yan fikafikai biyu da ke ƙasa don kada ta faɗa rami.

Bill Budge na cikin waɗanda suka buɗe wannan fage da Raster Blaster, wasan da ya fito a kan kwamfutar Apple II a 1981. Daga baya ya ƙirƙiro Pinball Construction Set, wanda kamfanin Electronic Arts ya rarraba a 1983, inda mai wasa ke tsara teburinsa da kansa, ya jera turaku yadda ya ga dama, har ya rage ko ya ƙara saurin gangarowar ƙwallo.

Babbar wahalar masu rubuta waɗannan wasanni ita ce motsin ƙwallon, domin dole kwamfuta ta riƙa lissafa saurinta da kusurwar da za ta dawo bayan kowane karo, sau da yawa cikin daƙiƙa guda, alhali injinan wancan zamani ba su da ƙarfi. Akwai kuma matsalar siffa: tebur dogo ne, allon kwamfuta kuwa mai faɗi. Kamfanin Digital Illusions na ƙasar Suwidin ya shawo kan wannan a Pinball Dreams, wanda ya fito a kan kwamfutar Amiga a 1992, ta hanyar sa hoton ya riƙa bin ƙwallon sama da ƙasa maimakon a matse teburin duka a allo ɗaya. Epic Pinball na James Schmalz ya bi irin wannan salo a kwamfutoci masu tsarin MS-DOS a 1993.

A Kano kuwa, inda da yawa ba su taɓa ganin teburin ainihi ba, wanda aka fi sani shi ne Space Cadet. Asalinsa tebur ɗaya ne daga cikin Full Tilt! Pinball na kamfanin Cinematronics, wanda kamfanin Maxis ya fitar a 1995, amma Microsoft ya riƙa haɗa shi da Windows har zuwa XP. Shi ya sa a shekarun 2000 ake samunsa a shagunan intanet da wuraren buga takardu da cibiyoyin koyon kwamfuta na birnin, ba tare da an saya ba. Maɓallin Z ne ke ɗaga fiffiken hagu, maɓalli mai ɗauke da alamar / na ɗaga na dama, dogon maɓallin ƙasa kuma shi ke danne sifirin. Wanda ya cika danna maɓallan girgiza tebur sai fikafikansa su sandare, ƙwallon ta wuce yana kallo. Ba tara maki ne kaɗai manufa ba, akwai muƙamai tara da ake hawa, daga Cadet zuwa Fleet Admiral, kodayake ba kowa ya lura da su ba.

Wasan bai zo a Windows Vista ba. Raymond Chen, injiniya a Microsoft, ya bayyana cewa da aka mayar da wasan sabon tsarin kwamfuta na bit 64, ƙwallon ta riƙa ratsa abubuwa tana wucewa, lokaci kuma ya ƙure ba a gano dalili ba. A yau masu sha'awa na amfani da manhajar Visual Pinball, wadda Randy Davis ya fara a 2000, wajen sake gina tsofaffin tebura.